Juya takalmin ka ga ƙasansa tukuna

Jiya da yamma muna tattara kaya ka tambaye ni dalilin da na mayar wa Alhajin nan takalminsa mai ƙyalli na ce ba zai gyaru ba, alhali na karɓi tsohon ƙafa-cikin da malamin makaranta ya sayo a gwanjo. Na ga fuskarka, ɗana. A ranka cewa kake maigida ya kori kuɗi da hannunsa.

Ɗauko na malamin, juya shi. Ka ga siririn zirin fatar nan da ya zagaye takalmin, tsakanin sama da sol? Shi ne duk sirrin. An ɗinke saman takalmin da zirin daga ciki, sannan aka sake ɗinke zirin da sol daga waje. Ɗinki biyu ke nan, kowanne da aikinsa. Ana kiransa ɗinkin Goodyear, kuma masana'antun garin Northampton na Ingila sun yi suna a kansa. Idan sol ya cinye, ɗinkin waje kaɗai za ka yanke, sol ya fita, saman bai ma san an taɓa shi ba. Za ka tarar da wani abu mai laushi a ciki, ɓawon itace ne irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, ya riga ya ɗauki siffar tafin mai takalmin. Inda ya rududduge ka cike. In ka zo ɗinki, basillarka ta bi tsofaffin hudojin, ɗaya bayan ɗaya, da zaren da ka goga wa kakin zuma. Ka huda sababbi kusa da su, zirin zai yage kamar takarda, shi ke nan ka kashe takalmin da zai iya ɗaukar sol sau uku ko huɗu.

Na Alhaji kuwa, na sa farce a gefen harshensa, sai ga yadi a ƙarƙashin ƙyallin. Roba ce aka shafa wa yadi, ba fata ba. Sol ɗin ma irin mai kumfar nan ne da ke marmashewa kamar busasshen burodi in ya daɗe a ajiye. Ka ɓanɓare shi, saman zai biyo shi. Ko na liƙa masa sabo, ruwan farko da ya taka takalmin zai buɗe baki, kuma a majalisa ba wanda ya sayar masa zai zaga ba, mu zai zaga.

Kada ka ɗauka duk mai gam na banza ne. Je ka kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ka gani, yawancin abin da ake yi da gam ake haɗa shi, kuma in fatar ta gaskiya ce yana gyaruwa sarai. Matsalarka kai gaggawa ce. Kankare tsohon gam tas da sanfefa, ka shafa sabo a ɓangarorin biyu, ka bar shi minti 10 zuwa 15, har sai ka taɓa bai biyo yatsanka ba. Da hunturu yakan fi saurin shan iska, da damina sai ka ƙara haƙuri. Sannan ka haɗa, ka bi shi da guduma daga tsakiya zuwa gefe.

Malamin ya ce a mayar masa da shi baƙi, a kuma ƙara tsayin dunduniya. Launin babu wuya, daga ruwan ƙasa zuwa baƙi, muddin ka wanke tsohon man da ke kai da sifirit kafin rini. Amma na gaya masa babu komawa, baƙi ba ya sake zama ja. Dunduniyar ce na hana shi yadda yake so. Zan ƙara masa falle ɗaya kawai, don an gina takalmin ne a kan wani tsayi, in ka wuce shi nauyin mutum ya koma kan yatsu, gaban ya karye.

Shimfiɗar ciki da fatar jar akuyar Sakkwato za mu yi ta, wadda majema suka jeme da bagaruwa. Ita ce fataken zamanin da suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Taushinta ya sa ba ta yin sol, wannan sai ƙirgin saniya, mu ɗora masa siririyar roba a gaba saboda kwalta.

Gobe kai za ka yanke ɗinkin wajen. Wasa wuƙarka tun yau, kuma bakinta ya kalli sol, kada ya kalli zirin.