Kar ka tsaya a bakin kogo da GPS

Ɗana, ka ce jiya ka tsaya a bakin kogon da kake aunawa, na'urar GPS ta nuna maka kuskurenta bai wuce mita 3 ba, yau ka koma wurin sai lambar wurin ta yi tsalle kusan mita 30, kana tambaya ko GPS ɗin ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Inda ka tsaya ne bai yi ba.

Taurarin ɗan Adam na GPS suna can sama kimanin kilomita 20,200, kuma na'urarka tana bukatar aƙalla guda 4 kafin ta ba ka wuri da tsayinsa. Yawansu kaɗai ba ya wadatarwa, sai sun warwatsu gabas da yamma, kudu da arewa. To bakin kogo fa? Dutse ya rufe maka rabin sama, waɗanda kake kamawa duk sun taru a gefe ɗaya. Ga kuma babbar matsalar: saƙon tauraro yakan bugi fuskar dutsen ya dawo maka kamar amsa-kuwwa, sai na'ura ta lissafa doguwar hanya a matsayin miƙaƙƙiya. Ita ba ta san an ruɗe ta ba, shi ya sa take ta nuna maka mita 3 hankali kwance. Wannan lambar kirdado ce kawai, kar ka rantse a kanta. Ka je kogunan Marshall a gandun dajin Yankari, waɗanda aka haƙa a jikin gangaren dutse, za ka ga abin da idonka.

Abin yi shi ne ka ja da baya zuwa fili, inda babu dutse a kanka, babu inuwar manyan itatuwa, ko da mita 40 ne ko 50 daga kogon. Kafa turke, ko ka buga ƙusa a fa ka zagaye ta da fenti. Ɗora na'urar a kan sanda sama da kanka, don jikinka ma yana tare saƙo. Ka bar ta ta zauna, ka sa ta ɗauki matsakaicin karatu na minti 15 zuwa 20. In ka fito daga kogo da la'asar ka sake ɗauka a turken, lokacin taurarin sun sauya wuri. Karatu biyun suka zo kusa, ka samu. Suka yi hannun riga, ka canja fili. Idan na'urar tana kama taurarin GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, kunna su duka.

Daga turken sai ka auna zuwa bakin kogon da tef da kamfas da ma'aunin gangara, yadda kake yi a ciki. Ka karanta kamfas gaba da baya, ka nisanta shi da wayarka da tocila, kuma ka gyara bambancin arewar kamfas da arewar taswira.

"Bakin kogo" ma ai ba wuri ɗaya ba ne, wani faɗinsa mita 10. Zaɓi ɗigo ɗaya a jikin dutse, ka yi masa alama, ka ɗauki hotonsa da yatsanka a kai. Nan ne tasha ta farko, duk awon cikin kogon a kanta yake rataye.

Sai littafi, inda yara suka fi ba ni ciwon kai. Lamba ba tare da sunan tsarinta ba aikin banza ce. GPS tana aiki da WGS 84, tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya kuwa a kan tsarin Minna aka yi su, kuma tsakaninsu akwai bambancin gomman mitoci. Rubuta wanda ka yi amfani da shi. In UTM ne, wato tsarin da ke raba duniya shiyya-shiyya ya ba da wuri da mita, ka sa shiyya, don Najeriya ta ratsa 31 da 32 da 33. In digiri ne, lamba biyar bayan ɗigo, ta biyar ɗin kusan mita ɗaya ce. Ka ƙara da rana da lokaci da irin na'urar.

Tsayi kuwa kar ka dogara da ƙaramar GPS, kuskurenta a nan ya fi na kwance. Idan akwai ginshiƙin safiyo kusa, daga shi za ka jawo tsayin.

Gobe ka zo da fenti ja da ƙusoshi, mu koma mu kafa turken tare.