Wane irin shammam zan shuka? Amsar tambayoyinku na wannan makon

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon tambayoyin kusan duk a kan shammam suka taru, wanda wasu ke kira swit melon, da alama ganin yadda yake fita a teburin masu 'ya'yan itace lokacin azumi ne ya sa kowa ya fara lissafi. To bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko daga wani manomin rani ce a Dadin Kowa. Ya ce shekara shida yana noman kankana, bana yana so ya ware hekta ɗaya ya zuba shammam, ya je shagon iri an jero masa gwangwani da fakiti kala-kala, wani an rubuta Hale's Best, wani Galia, wani kuma mai ruwan ɗorawa da suke ce wa golden, kowanne mai shago ya ce shi ne ya fi haihuwa. Tambayarsa: wanne ya fi yawan 'ya'ya?

Malam, Allah ya ba da sa'a, amma ni tambayar da zan fara yi maka ita ce ina za ka kai kayan? Don wallahi a harkar shammam wannan ta fi ta yawan 'ya'ya muhimmanci, kuma ba kamar kankana ba ne da ka saba, wadda za ka loda a mota ta kwana biyu a hanya ta yi sati a tsibi ba abin da ya same ta. Shammam gida biyu ne. Akwai masu zanen raga a ɓawo, masu ƙamshi, irin su Hale's Best da Galia, waɗannan in sun nuna da kansu suke rabuwa da mariƙinsu, ka sa babban yatsa ka ɗan danna sai ka ga ya ɓalle ya bar ɗan rami kamar cibiya, kuma daga ranar da ka tsinka a zafin garin nan kwana uku zuwa biyar ka ke da shi kafin ya fara laushi. Akwai kuma masu santsin ɓawo, su golden da honeydew, ba su da ƙamshi sosai, ba sa ɓallewa sai an yanke su, amma suna iya yin sati biyu ko fiye a inuwa. Shi ya sa in ka duba teburan bakin titi daga Gombe har Bauchi golden ɗin ne ya fi yawa, ba don ya fi daɗi ba, don shi ne ba ya karya ɗan tebur.

Hale's Best tsohon iri ne na Amurka, tun wajajen 1920 ake nomansa a Kalifoniya, cikinsa ruwan lemo, ƙamshi kam ba a magana, ga araha tunda ba F1 ba ne, wato ba irin da kamfani ya haɗa ta hanyar auren iri biyu ba ne, kana iya ajiye irinsa ka sake shukawa. Matsalarsa 'ya'yan ba sa fitowa kai ɗaya, wani babba wani ƙarami, kuma bai jure tafiya. Galia daga Isra'ila ya fito a shekarun 1970, ɓawon raga ne amma cikinsa kore-kore mai haske, zaƙi sosai, yana juyawa daga kore zuwa ɗorawa in ya nuna wanda hakan ke sauƙaƙa wa masu tsinka. Akwai Athena, F1 ne, 'ya'yansa manya wajen kilo biyu zuwa biyu da rabi, naman ya fi na Hale's Best tauri don haka ya fi shi jure mota. Akwai Charentais na Faransa, ɗan ƙarami wajen kilo ɗaya, a wajen ɗanɗano ni dai ban ci wanda ya kai shi ba, amma fashewa yake kamar me, ruwa ya ɗan yi masa yawa kawai sai ka wayi gari rabin gona ta tsage. Sai kuma sababbin nan da turawa suka ƙirƙiro don jigila mai nisa irin su Caribbean Gold, su ma raga ne a jiki amma ba sa ɓallewa kuma suna daɗewa, sai dai ƙamshin ya ragu kuma irin da tsada.

Bari in ba ka nawa labarin. Shekarar da na fara, na shuka mai raga mai arahar nan, gona ta yi kyau har mutane na tsayawa kallo, na ƙi sayar wa 'yan sari a bakin gona don an ce min a kasuwar Zuba ta Abuja kuɗin ya fi. Muka tsinke da la'asar duk sun ɓalle da kansu, wato sun nuna tuɓus, muka zuba a bayan mota haka nan a tsibi irin lodin kankana, ba ciyawa a ƙasa ba kwali. Mota ta lalace bayan mun wuce Jos muka kwana a hanya. Da muka isa aka ɗaga tamfol, ƙamshin da ya bugo mu har da ɗan tsami-tsami, na ƙasa duk sun lotse ruwa na ɗiga ta ƙasan bodi, ƙudaje sun taru, dillali ya ɗauki ɗaya ya latsa yatsansa ya shige ya kalle ni ya ce Alhaji wannan ai sadaka ka kawo. Kuɗin mota da kyar ya fita. Iri bai yi min laifi ba, ni na kai shi inda ba zai iya zuwa ba.

Saboda haka ga shawarata. In kasuwarka cikin Gombe ce, daga Dadin Kowa ko kilomita 40 ba a kai ba, ka tsinka da safe kafin azahar yana tebur, to mai raga zai yi maka, Galia ko Athena. In kuwa Abuja ko Kano ko Legas kake hange, golden ko honeydew. Kuma kada ka zuba hekta guda da iri ɗaya a shekarar farko, ka ba golden kaso mafi yawa tunda shi kasuwa ta sani, sauran ka raba kunyoyi biyu-biyu ko uku-uku ka gwada kala biyu ko uku a gona ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubutawa, kuma abin da za ka rubuta ba yawan abin da gona ta haifa ba, yawan abin da aka saya. A ce kunya ɗaya ta ba ka ɗari amma talatin sun fashe ko ƙuda ya huda ko sun yi ƙanƙanta, ɗaya kuma ta ba ka tamanin da biyar amma biyar kawai ka zubar, ai ka ga ta biyun ce ta fi haihuwa a aljihu. Lissafin gona kuwa, in ka ba da mita biyu tsakanin kunya da kunya da rabin mita tsakanin rami da rami za ka samu tushe 10,000 a hekta, kowane tushe in ya riƙe 'ya'ya biyu ko uku masu kyau ya yi maka komai. Sannan tunda a Dadin Kowa kake, ga Kwalejin Tarayya ta koyar da noman lambu nan a bakin ƙofarka, ka leƙa ka ga abin da suke shukawa ai ba faɗuwa ba ne.

Tambaya ta biyu wata Hajiya ce daga Bauchi, tana da shagon kayan marmari kuma tana yin jus, ta ce ta sa kuɗi a gonar ƙaninta a yankin Jama'are, shammam ya fito manya gwanin sha'awa amma salam, ba zaƙi, kwastomomi na dawo mata da ƙorafi. Tana tambaya ko su canza iri.

Hajiya, kafin ku zargi iri ki tambayi ƙanin naki abu uku. Yaushe ya rage ruwa, nawa ya zuba yuriya, kuma yaya ganyen yake lokacin tsinka. Mafi yawan shammam ɗin da ake cewa salam ba iri ne ya jawo ba, ban ruwa ne har ranar tsinka don a samu nauyi. Zaƙin nan a kwanaki goman ƙarshe yake taruwa, in ana ta kwarara masa ruwa a lokacin to ruwan za ki saya. Ya kamata a fara ja baya da ruwa kamar sati ɗaya zuwa kwana goma kafin tsinka, ba a yanke gaba ɗaya har ganye ya kwanta ba, a dai rage. Yuriya kuma in ta yi yawa bayan an ƙulla 'ya'ya yaɗo kawai take ƙarawa, abin da ɗan ke buƙata a lokacin taki ne mai fotash. Na ukun shi ne ganye, don ganye ne ke dafa sukarin, in wannan farar cutar da ke kama ganye a rani kamar an barbaɗa toka ta cinye shi kafin 'ya'ya su ƙosa, to ko wane iri ne ba za ki ji zaƙi ba.

Kuma ki riƙe wannan da kyau tunda ke mai saye ce: shammam ba ayaba ba ne, ba mangwaro ba ne. In an tsinke shi ɗanye zai yi laushi a shago, zai ma iya ƙara ƙamshi, amma sukarinsa ba zai ƙaru ba ko kaɗan. Masu cewa ajiye shi kwana biyu zai yi zaƙi suna so ne kawai ki biya ki tafi. Akwai ɗan ma'aunin zaƙi da ake kira rifraktomita, kamar ƙaramar tocila yake, ki ɗiga ruwan a gilashinsa ki leƙa ta ɗaya bakin ki ga lamba. A Amurka sai shammam mai raga ya kai 9 yake shiga aji na ɗaya, 11 kuma shi ne na musamman. Mai shago irin naki ya dace ta mallaki ɗaya, kafin a sauke miki kaya ki yanka biyu ko uku daga wurare daban-daban a cikin lodin ki auna, magana ta ƙare. Don jus kuma ni zan ce ƙanin naki ya ware miki 'yan kunyoyi na mai raga mai jan ciki, launi da ƙamshinsa a kofi golden ba zai taɓa ba ki ba.

Wani matashi daga Balanga ya ce irin F1 ya yi masa tsada, ko zai iya sayen shammam mai kyau a kasuwa ya cire 'ya'yan cikin ya shanya ya shuka?

Ƙanena, zai tsiro kam, har ya haihu, amma ba abin da ka ci za ka girba ba. F1 auren iri biyu ne, jikokin sai su rarrabu, wani ya ɗauko uwa wani uba, ka ga gona ɗaya wani dogo wani zagaye wani zaƙi wani lami, kuma ba rana ɗaya za su nuna ba, ɗan sari kuwa kaya kai ɗaya yake so. In kuɗi ne babu gara ka sayi irin da ba F1 ba a rufe a gwangwaninsa, ko ka rage faɗin gonar. Ka duba ranar da aka rubuta a jiki, ka guji wanda ake aunawa da cokali daga buɗaɗɗen gwangwanin da ya sha rana a tebur, sannan kafin ka shuka ka ɗebi ƙwaya ashirin ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ka ajiye a wuri mai ɗumi, bayan kwana biyar ka buɗe ka ƙirga, in waɗanda suka tsiro ba su kai sha shida ba ka koma wa mai shago tun kana da hujja a hannu. Irin F1 kuma ba a zuba masa huɗu-huɗu a rami kamar yadda muke yi wa kankanar gida, ƙwaya ɗaya ce ko ka yi reno a tire ka dasa, a nan ne tsadar take sauka.

Akwai wanda ya tambaya yaushe zai shuka don ya riski azumi. Yawanci kwana 70 zuwa 90 ne daga shuka zuwa tsinka gwargwadon iri, sai ka ƙirga baya. Amma ka tuna azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, yanzu yana faɗowa wajen Fabrairu da Maris, ke nan shukar taka za ta faɗa cikin hunturu, shi kuma shammam ɗan zafi ne, sanyin Disamba yana sa shi jinkirin tsiro da yaɗo, lambar kwanakin da ke jikin gwangwani ba za ta yi maka daidai ba. Ka ƙara sati biyu a lissafinka, kuma ka raba shukar kashi biyu ko uku da tazarar kwana goma don kada duk su nuna rana ɗaya dillalai su raina maka hankali.

Ta ƙarshe, wani Baba daga Kirfi ya ce nasa ya yi fure fal amma furen na zubewa ba 'ya'ya, ko irin ne na banza. Baba, Allah ya ƙara girma, furen farko maza ne dama zubewa suke, na mata sai bayan kamar sati ɗaya suke fitowa, za ka gane su da ɗan ƙululu a gindin furen. In su ma suna zubewa to ƙudan zuma ne babu, kuma sau da yawa mu muke korarsu da feshin safe, daidai lokacin da furen ke buɗe suna aiki. Ka sa yara su mayar da feshi yamma liƙis, in akwai mai amya a kusa ka roƙe shi ya rataya maka ɗaya ko biyu a bishiyar bakin gona.