Kilas ɗin yana nan, mai lodarsa ne bai gan shi ba

Wai jar ɗin, wato fayil ɗin da ake ƙunshe kilas-kilas na Java a ciki, yana cikin folda kana kallonsa da idonka, amma Class.forName, umarnin da ke nemo kilas da sunansa, na jefo maka ClassNotFoundException, wato bai ga kilas ɗin ba, a cikin bandil ɗinka na OSGi, tsarin nan da ke raba manhajar Java sashe-sashe, kowane sashe shi ne bandil, shi ne kake cewa Oga me ke faruwa. To ai idonka daban, na JVM, injin da ke gudanar da Java, daban. A OSGi kowane bandil da nasa mai loda kilas, banda abin da ke cikinsa da java.* yawanci ba ya ganin komai sai wanda ka nema a Import-Package cikin MANIFEST.MF, fayil ɗin bayanin bandil, kuma dole wani bandil ya fitar da shi ta Export-Package. Shi kuma Class.forName da mai lodar wanda ya kira shi yake aiki. Je ka gyara manifest, yadda ake buɗe shi kam ba zan koya maka ba, in wannan ma sai an nuna maka gara ka koma cajin waya. Kuma kar in ga ka sa DynamicImport-Package da tauraro (*), wato ya shigo da komai da komai, na san ku yaran yanzu, abin da kuka fara cin karo da shi a intanet shi za ku kwafo ku manna, in jan rubutun kuskure ya daina fitowa a allo shikenan an gama aiki.

Wallahi da ban amsa maka ba, sai dai tambayar ta sosa min inda har yau bai warke ba. Zamanin Java 7 ne, kafin Java 8 ta zo a 2014 ta cire PermGen, wurin da JVM ke ajiye bayanan kilas a ƙwaƙwalwa, na yi wa wani Alhaji mai manyan shagunan kayan masarufi manhajar lissafin kaya. Sharaɗinsa ɗaya tal, kar a kashe masa saba ko na minti ɗaya, duk gyara a yi shi tana kunne. Na ce ai wannan aikin OSGi ne, na ɗora komai a kan Karaf, manhajar da ke gudanar da bandil-bandil na OSGi, in zan canza wani sashe sai update da refresh, babu wanda ya ma san an taɓa. Ina ta jin kaina.

Ashe a bandil ɗin rahoto na tayar da Thread, wato aikin da ke gudana a gefe, a cikin start() inda bandil ke tashi, na manta ban tsayar da shi a stop() inda yake tsayawa ba. Duk sabuntawa sai a ƙirƙiri sabon mai loda, tsohon kuma ba zai tafi ba tunda Thread ɗin nan na riƙe da shi, shi kuma yana riƙe da duk kilas ɗin da ya loda, suna ta taruwa a PermGen ban sani ba. Ana saura kwana kaɗan Sallah, shaguna maƙil da mutane, sai ga OutOfMemoryError: PermGen space, komai ya tsaya cak, yaran shago suka koma biro da takarda. Kwana uku ina tono da Eclipse MAT, manhajar binciken ƙwaƙwalwar Java, kafin in ga masu loda na bandil guda sun jeru kamar layin man fetur. Layi biyu ne gyaran, biyu kacal.

Laifina ne, ban musa ba. Amma Alhaji ya riƙe rabin kuɗina, ya ɗauko ɗan ƙanin matarsa, abin da yaron ya yi kawai ya sa cron, mai gudanar da aiki a lokacin da aka tsara, ya riƙa kashe sabar yana kunnawa ƙarfe uku na dare. Mutumin da ya rantse ba a kashe masa saba! Kuma gyarana ne ke ciki yana aiki, amma yaron ake kira gwani har a gabana. Ko sisi ban sake gani ba.

Nan gaba kaɗan za ka haɗu da ClassCastException yana ce maka kilas kaza ba zai zama kilas kaza ba, suna iri ɗaya sak, kar ka zo min kana cewa aljanu ne, masu loda biyu ne suka loda shi, a wurin JVM kuwa abu biyu ne. Gobe ka zo min da manifest ɗin, ka haɗo da stop() ɗinka in gani.