Na koyi gyaran waya a YouTube, in kama shago?

Tambaya: Salam Malam, wata 6 kenan ina kallon bidiyon gyaran waya, na san sunan komai, in kama shago kawai? Daga wani matashi a Gwammaja.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya kar ka yi gaggawa. Bidiyo zai nuna maka inda aisin caji (ƙaramin IC ɗin da ke kula da caji) yake amma bazai koya wa hannunka zafin bulowa (na'urar hura iska mai zafi) ba, kaɗan ka zarce sai ka ƙona injin wayar mutane, shi kuma mai waya ina ruwansa da YouTube, biya kawai zakai. Ka je Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ka zauna wajen oga, ka fara da canjin sikirin da bakin caji, ka dinga gwaji kan matattun wayoyi. Kallon naka dai bai tafi a banza ba, zaka riga sauran yaran shago gane mitar awon wuta.