Ɗan yayanka ba butulu ba ne, amma kada ya saki reshe ya kama ganye

Assalamu alaikum. Malam, tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce ɗan yayanka da aka haifa a Amurka yana buga wa jami'arsu ƙwallon nan tasu ta hular kwano da ture-ture, shekara biyu ke nan yana ɗumama benci, yanzu yana son ya sauya makaranta. Uban kuma ya kafe cewa butulci ne a juya wa mutanen da suka ba ka karatu kyauta baya. Kana son sanin ko doka ta yarda, kuma ko daidai ne.

Doka ta yarda, wannan babu ja. Batun daidai ko ba daidai ba ne mai tsawo, kuma ina da abin cewa, domin lokacin da nake digiri na biyu a can, da koyar da 'yan wasa lissafi nake biyan kuɗin haya. Kowace babbar jami'a tana da sashen da ta ware don taimaka musu da karatu, a nan nake zama da yamma. Sai su shigo daga atisaye da ƙanƙara ɗaure a gwiwa, wani yana gyangyaɗi a kan littafi, don tun asuba yake ɗaga ƙarfe. Na fara aikin a tsohon tsari, na bar shi bayan an fara sabo.

A tsohon tsarin hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, yaro ba shi da ikon ko gaisawa da kocin wata makaranta kan batun sauyi sai makarantarsa ta ba shi izini a rubuce. Koci yana iya zama ya jero sunayen jami'o'in da bai yarda ka je ba. Idan kuma ka samu ka tafi, sai ka yi shekara guda cur ba ka buga wasa ba. A 2017 wani yaro mai suna Corey Sutton ya nemi barin Kansas State, ya miƙa sunayen makarantu 35, kocinsa Bill Snyder ya ƙi sakinsa zuwa ko ɗaya, sai da surutu ya yi yawa a kafafen labarai sannan aka sallame shi. Abin da ya fi ba ni mamaki a lokacin shi ne zaman shekara gudan nan bai shafi kowa da kowa ba. Mai tsere ko mai ninƙaya yana iya sauyawa sau ɗaya ya ci gaba da wasansa. Wasanni ƙalilan aka ɗaure, kuma a cikinsu akwai ƙwallon nan da ƙwallon kwando, su ne kuwa masu kawo kuɗi. Daga nan na daina yarda cewa don amfanin karatun yaro aka kafa dokar.

To shi kocin fa? Shi babu wanda ya taɓa ɗaure shi. A ƙarshen Nuwamba 2021, Lincoln Riley, kocin jami'ar Oklahoma, ya sha kashi a wasa ranar Asabar, ranar Lahadi aka ji ya koma jami'ar USC. A satin nan koci Brian Kelly ya bar jami'ar Notre Dame ya tafi jami'ar LSU kan kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 95, alhali 'yan wasansa suna jiran jin ko za su shiga wasannin neman kofin ƙasa. Irin waɗannan mutanen ne suke shiga falon iyaye, su ci abincin gidan, su ce ku ba ni ɗanku ni ne ubansa har ya gama. Babu wanda ya zaunar da su shekara guda. Don haka idan yayanka zai yi maganar amana, ya dace ya auna da mudu ɗaya.

Sannan "karatu kyauta" ɗin nan, a duba shi da kyau. Filin wasan jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 100,000, kuma cika yake yi. Kuɗin talabijin biliyoyin daloli ne. Shekara da shekaru yaron da ake karya wa ƙashi ba shi da komai sai kuɗin makaranta da ɗaki da abinci, ko rigarsa ya sa wa hannu ya karɓi kuɗi an hukunta shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban raina karatun ba, digiri a can tsada gare shi ba kaɗan ba. Amma da gumi yaron yake biya, kullum, kuma kocin da ya ga ya daina yi masa amfani ya san hanyoyin da zai bi ya gundure shi har ya tafi da ƙafarsa.

Ga yadda abin ya warware a taƙaice. A Oktoba 2018 aka buɗe rajistar masu neman sauya sheƙa, wadda suke kira fotal: yaro ya sanar da makaranta, ita kuma dole ta sa sunansa, daga nan kowane koci yana iya kiransa. A Afrilu 2021 aka soke zaman shekara guda ga mai sauyi na farko. A Yunin shekarar Kotun Ƙolin Amurka ta kayar da NCAA a shari'ar Alston, wadda aka yi kan iyakar da hukumar ta sa wa tallafin karatun 'yan wasa, alƙalai tara babu wanda ya saɓa, kuma daga 1 ga Yuli aka bar 'yan wasa su ci kuɗin sunansu da hotonsu. A Disamba 2023 wasu jihohi suka kai ƙara, wani alƙali a West Virginia ya dakatar da dokar da ta hana sauyi na biyu, zuwa Afrilu 2024 hukumar ta sallama gaba ɗaya: ka sauya ko sau nawa, muddin karatunka bai faɗi ba. A Yuni 2025 kuma aka amince da wani sulhun kotu da ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ka lura, kusan duk matakin nan kotu ce ko tsoron kotu ya tilasta shi, ba tausayi ba.

Mu masu kallon ƙwallon Turai mun san irin wannan labari. Jean-Marc Bosman kwantiraginsa ya ƙare a Beljiyam a 1990, kulob ɗinsa ya tare masa hanyar zuwa Faransa, ya yi shekara biyar yana shari'a kafin ya yi nasara a 1995. A lokacin ma an ce ƙwallo ta mutu. Yau ɗan wasa ya tafi kyauta bayan ƙarewar kwantiragi, ko a majalisar mai shayi ba wanda yake ce masa maci amana.

Shi yaronku na tabbata sunayen da ke yawo a kansa su ne irin su Joe Burrow. Shekara uku Burrow ya yi a Ohio State yana jiran layi, ya koma LSU a 2018, a 2019 ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, ya ɗauki kofin ƙasa. Daga 2017 zuwa 2024, mutum shida cikin takwas da suka ci kyautar nan masu sauya makaranta ne: Baker Mayfield, Kyler Murray, Burrow, Caleb Williams, Jayden Daniels da Travis Hunter. Hujja ce mai ƙarfi, ban musa ba. Sai dai waɗannan tun kafin su ɗaga ƙafa kowa ya san su.

Bari in ba ka labarin wanda ba a sani ba. Akwai wani ɗalibina, ƙato mai sanyin hali, ɗan baya ne, yana shekararsa ta uku. An kawo sabon kocin 'yan baya wanda bai yi da shi ba, ya koma na uku a layi. Wata rana ya zo yana murmushi ya ce mini ya sa sunansa a fotal. Na tambaye shi wa ke nemansa, ya ce za su kira. Abin da bai natsu ya karanta ba shi ne, da zarar sunanka ya shiga, makarantarka tana da ikon yanke tallafin karatunka a ƙarshen zangon da ake ciki, kuma ba dole ne ta karɓe ka ba idan ka fasa. Haka kuwa aka yi, aka ba wani gurbinsa. Makonni suka shuɗe yana duba waya. Masu kira sun kira, amma kowa sai ya ce turo bidiyon wasanninka, shi kuwa mai zaman benci ina ya ga bidiyo? A ƙarshe wata ƙaramar makaranta ta ɗauke shi da rabin tallafi, ta kuma ƙi lissafa wasu kwasa-kwasan da ya riga ya ci, ciki har da lissafin da muka kwana biyu muna fama da shi. Mutumin da saura masa zango uku ya gama sai ya koma kamar ɗan aji biyu. Tsalle ɗaya ya yi. Har na baro ƙasar yana ƙoƙarin fitowa.

Irinsa suna da yawa. Duk shekara dubbai ne ke shiga rajistar nan, gurabe kuwa ba sa ƙaruwa, kuma ba kowa ke samun masauki ba. Ka haɗa da cewa waɗanda ke kaiwa ga gasar ƙwararru ta NFL ba su kai biyu cikin ɗari ba. Ga sauran, takardar digirin ita ce abin da za a fita da shi.

Su ma masu kukan cewa tsarin ya lalace ba duka ne ƙarya suke ba. Ƙananan makarantu sun zama gonar manya: ka reni yaro shekara biyu, da ya fara haske mai kuɗi ya ɗauke. A Disamba 2024 jami'ar Marshall ta ci kofin rukuninta, kocinta ya tafi, 'yan wasa suka watse, har ta janye daga wasan ƙarshen kaka don ba ta da isassun mutane. Ƙofar da aka buɗe wa yara kuma kociyoyi sun mayar da ita ƙofar kora. Ranar da sabon koci Deion Sanders ya fara ganawa da 'yan wasan jami'ar Colorado a Disamba 2022, a gaban kyamara ya ce musu yana tafe da nasa mutanen, gara su nemi hanyar fotal. Ga kuma alkawarin baka: a Satumba 2024 wani ɗan wasa, Matthew Sluka, ya ajiye wa jami'ar UNLV wasa bayan sun ci uku a jere, ɓangarensa suka ce an yi masa alkawarin dala 100,000 ba a cika ba, kuma babu takarda. Ni a ganina maganin wannan hargitsi ba komawa ga ɗaure yara ba ne. A yi kwantiragi na gaskiya, a rubuce, mai ɗaure kowane ɓangare, wanda ya karya ya biya. Jami'o'in ne suka daɗe suna gudun haka, don kada a kira yaran ma'aikata.

To ga abin da zan ce a gaya wa yaron. Kafin komai ya shiga ofishin kocinsa ya zauna, ya tambaye shi ido da ido: a ina kake ganina baɗi? Yawancinsu idan an tambaye su kai tsaye suna faɗin gaskiya, don su ma gurbin suke so. Wannan zaman ma shi ne ladabin da uban yake nema, ba a ce koci ya tsinci labarin tafiyarsa a intanet ba. Daga nan ya je ofishin da ke kula da bin ƙa'idojin wasanni a makarantar, su nuna masa ranakun da ƙofar ke buɗe, domin ba kullum take a buɗe ba, ta ƙwallon nan yanzu 'yan kwanaki ne a farkon Janairu, su kuma rubuta masa ranar da tallafinsa zai tsaya idan ya shiga. Ya nemi tsohon kocinsa na sakandare, wanda ba ya cin komai a tafiyarsa ko zamansa, ya auna masa matsayinsa ba tare da shafa mai ba. Masu kiran kansu wakilai da ke turo saƙo suna cewa akwai makarantu goma a hannunsu, kasonsu suke nema.

Abin da na fi so a matsa masa a kai shi ne kwasa-kwasai. Duk makarantar da ta neme shi, kafin ya sa hannu, ta ba shi a rubuce nawa za ta lissafa daga abin da ya ci, kuma a wace shekara zai gama. Idan ya yi nisa, akwai hanyar da Burrow ya bi: ya haƙura ya karɓi digirinsa na farko a inda yake, sannan ya tafi da sauran shekarun wasansa ya buga a wani wuri yana karatun gaba. Mai wannan hanyar ko waya ba ta yi ƙara ba, takardarsa tana aljihu.

Shi kuma yayanka, ka lallaɓa shi ya daina kiran yaron butulu. Yaro mai shekara ashirin da ke tashi da asuba ana turmushe shi a atisaye, ranar Asabar kuma ya tsaya a gefe da tawul a wuya, zuciyarsa a cike take, kuma idan ya ga gida ma ba a saurarensa, shi kaɗai zai je ya sa sunan ba tare da shawarar kowa ba, kamar yadda ɗalibina ya yi. Idan ka samu sarari ka faɗa mini ajin da yake da kuma abin da yake karanta, sai in jero maka tambayoyin da zai tafi da su ofishin.