Biliyar: sabuwar sanda ce magani, ko hannu ne ke son gyara?

Wani matashi daga unguwar Bukoki a Yamai, mai buga biliyar, wato wasan tebur da ake tura ƙwallaye cikin ramuka da sanda, ya rubuto: "Yau in jefa ƙwallo biyar a jere, gobe ko wadda ke bakin rami sai ta kuɓuce mini. Na tara jaka 30. In sayi sanda tawa, ko matsalar daga wani wuri take?"

Ƙanena, saya, amma kada ka zuba kuɗin duka a kanta. Amfanin sandarka shi ne kullum nauyi ɗaya, kauri ɗaya, har hannu ya saba. Na gidan wasa kuwa, yau ka ɗauki mai nauyi, gobe karkatacciya.

Kafin ka shiga kasuwa, duba ƙwallayen teburin da kake bugawa. In manya ne irin na Amurka, masu faɗin milimita 57, nemi sanda mai tsawon santimita 147, nauyi giram 510 zuwa 600, faɗin baki milimita 12 zuwa 13. In ƙanana ne irin na Ingila, wajen milimita 51, siririn baki na milimita 8 zuwa 9 ya dace. A gaban mai kaya, ɗaura gaɓoɓinta biyu, ka kwantar da ita a wuri mai shafe, ka mirgina. Bakin na ɗagawa yana sauka? Ajiye masa abarsa, ko da ya rantse. Kan kuma ya kasance fata ce da aka manna, mai matsakaicin tauri, ba robar nan da ake cusawa kamar hula ba. Canjin da ya rage, sayi jakar sanda da alli mai kyau na gogawa a bakin sanda.

Sai dai abin da ka kwatanta ya fi kama da matsalar hannu. Gwada wannan: aza farar ƙwallo, wadda ake bugawa da sanda, a tsakiyar faɗin tebur, ka buge ta a cibiya zuwa bangon teburin na can nesa, ka bar sanda a inda ta tsaya. In bugun ya miƙe, ƙwallon za ta dawo ta taɓa bakin sandar. Ta dawo ta dama, to a dama ka buge ta ba ka sani ba. Yi sau 10 kafin kowane wasa.

Yawanci riƙo ne ke jawo wannan. Mutum ya damƙe sanda, lokacin bugu yatsu su ƙara matsewa, baki ya kauce. Riƙe ta sako-sako. Kafaɗa ta tsaya cik, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa kawai ke lilo, kuma lokacin da baki zai taɓa ƙwallo, hannun ya zama a tsaye sak da ƙasa. Tsakanin hannun da ke kan tebur da farar ƙwallo, bar santimita 20 ko kusa da haka. Ja baya a hankali, ɗan dakata, sannan ka tura, sanda ta wuce inda ƙwallon take da santimita 10 zuwa 15. Kada ka ɗaga kai sai ƙwallo ta isa rami. Masu saurin miƙewa don su ga ko ta shiga su ne suka fi ɓaras da bugu mai sauƙi. Bugun gefe don juya ƙwallo, bar shi tukuna: ka buge ta a dama, sai ta ɗan kauce hagu, saitinka ya tashi a banza.

Daga Tawa wani ya ce sandarsa ta lanƙwashe, kuma tana maƙalewa a yatsu in ya yi zufa.

Malam, itace ne, zafi da bushewar hunturu na ja masa jiki. Kada a jingina ta da bango, kada ta wuni cikin mota. A jaka, a inuwa. Wadda ta riga ta lanƙwashe da wuya ta koma daidai. Maƙalewa kuwa, safar hannu mai yatsu uku ta fi hoda, domin hoda na ɓata ƙyallen tebur. In fatar baki ta yi sumul har alli ba ya kama ta, karce ta kaɗan da samfefa, ka riƙa goga alli kafin kowane bugu.