Tambaya da Amsa: Yasar kwata ma karatu ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana aji biyar a wata makarantar sakandare a nan Zariya, baɗi kuma zai rubuta jarrabawar WAEC. Makarantar ta raba su rukuni-rukuni, ta ce kowane rukuni ya zaɓi aikin da zai yi wa al'umma, za a kuma ba su maki a kai. Su sun zaɓi yashe magudanar ruwan da ke bayan makarantar a ranakun Asabar. Ni karatu na tura shi ya yi, shin wannan ba ɓata lokaci ba ne? Daga wani mahaifi, Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, damuwarka tana kan hanya, domin akwai makarantun da ke kiran abu aikin al'umma alhali ƙwadago ne kawai aka ɗora wa yara don a huta da biyan lebura. Idan shugaban makaranta ne ya yanke aikin, ya miƙa wa yara shebur, shi ke nan, to ba a koyar da komai ba, kuma kana da hakkin ka yi magana.

Amma a wasiƙarka ka ce yaran ne suka zaɓa da kansu, kuma wannan ne ya sa nake ganin ka bar shi ya yi. Kafin su taɓa kwatar nan, dole su je wajen mai unguwa neman izini, wanda ke nufin ɗaya daga cikinsu zai zauna ya tsara wasiƙa da Hausa da Turanci, kuma rubuta irin wannan wasiƙa yana cikin abin da ake tambaya a jarrabawar Turanci ta WAEC. Dole su auna tsawon kwatar da faɗinta da zurfinta, su lissafa yawan yashi da ledojin ruwa da suka toshe ta, su gano sawu nawa baro zai yi kafin a kwashe. Malamin kimiyya mai kishin aikinsa zai sa su ɗebo ruwan da ya kwanta a cikin kwalba, su ɗaga ta a rana, su ga 'yan tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil, sannan ya bayyana musu cewa daga ƙwai zuwa cikakken sauro mako ɗaya ne zuwa biyu. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai manta dalilin da zazzaɓi ke yawaita a unguwarsu da damina ba, ko a ɗakin jarrabawa ko bayan ya fita.

Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Da gayya iyayenmu suka noma gonaki suka yi yaɓen masallatai, kuma har yau idan ruwan Agusta ya yi ɓarna a cikin birni, matasan unguwa ne ke fara fitowa da shebur. A ɓangaren gwamnati kuma, shirin yi wa ƙasa hidima na NYSC, wanda aka kafa a 1973 zamanin Janar Yakubu Gowon, tsohon ɗalibin Kwalejin Barewa, ya ware wa masu hidima lokaci na musamman don aikin raya al'umma. Idan Allah ya kai ɗanka Jami'ar Ahmadu Bello ko wata jami'ar ya kammala, zai tarar da wannan aiki yana jiransa.

Shawarata ita ce ka je makarantar da kanka ka gana da malamin da ke kula da rukunin. Ka tambaye shi wane darasi aikin ya rataya a kai, da ranar da zai ƙare, domin aikin da ba shi da wa'adi shi ne ke cinye lokacin bita. Ka tabbatar akwai safar hannu da takalmin roba, saboda kwata ba ta rasa fasasshiyar kwalba da ƙusa mai tsatsa, kuma babban mutum yana tsaye a wurin har a tashi. Idan lokacin ya ci karo da Islamiyyar safiyar Asabar, ka faɗa a fili, a sauya shi.

Tambaya: Ni malama ce a Sabon Gari. Yaya zan ba da maki a irin wannan aiki ba tare da na zalunci masu ƙoƙari ba, tunda a kowane rukuni akwai 'yan rakiya?

Amsa: Malama, kada yawan sharar da aka kwashe ya zama ma'auninki, domin ƙarfi ne zai ci makin. Ki sa kowane ɗalibi ya riƙe littafinsa, ya rubuta abin da ya yi a kowace fita da matsalar da suka ci karo da ita, sannan a ƙarshen zango ya tsaya gaban aji ya yi bayani, ki yi masa tambayoyi. Wanda ya laɓe a bayan 'yan'uwansa ba zai iya faɗin yadda suka shawo kan mai shagon da ke zuba shara a kwatar ba. Ki kuma raba muƙamai tun farko, har da ma'aji da mai rubuta rahoto, ki riƙa juya su, don yarinyar da ba ta cika magana a aji ba ita ma ta samu ranar da za ta jagoranci rukuninta zuwa gidan mai unguwa.